Wurin Zaman Yaya

Sau uku mijin Yayata yana kawo mini babur ɗinsa cikin wata guda, duk a kan magana ɗaya: gaba na rawa. Da ya ɗan ba shi wuta sai kan babur ya shiga kaɗawa hagu da dama kamar zai ƙwace daga hannunsa. Shekara ashirin ina gyaran babur, ban taɓa shan kunya irin wannan ba.

Zuwan farko na auna iskar taya, na tarar ta yi ƙasa, na ƙara. Na biyu na sauya tayar gaba, na ɗaure wayoyin wili ɗaya bayan ɗaya. Na uku raina ya ɓaci, na kwance wuyan babur gaba ɗaya, na zuba sabon boris, na cika shi da giris. Kowane karo sai na hau na zaga layinmu, babur lafiya lau, ko gezau. Bayan kwana biyu sai ga Mai Keke ya dawo yana sosa ƙeya. Haka muke kiransa, don gyaran keken ɗinki yake bi gida gida. Mutum ne mai kawaici har ya yi yawa: kafin ya miƙo mini babur sai ya sauke akwatin kayan aikinsa a bakin gareji, wai kada ya dame ni.

Karo na huɗu da 'yarsa suka zo, gwiwar hannunsa ɗaure da bandeji. Ya faɗi da babur a wata kwana. Makullin yana hannunta, ta kuma rantse in ban gano matsalar ba yau, sayar da babur za ta yi, ya zauna a gida. Ni na san abin da zaman gida zai yi masa. Wata bakwai ke nan da rasuwar Yaya, kuma babur ɗin nan ne kaɗai ke fitar da shi daga ɗakin da ta bari.

Ta ja ni gefe ta ce tana zargin hannunsa ne ke rawa, ba babur ba. Nima abin ya ɗarsu a raina. Na ce ya miƙe hannuwa, ya miƙe yana murmushi. Wallahi sun fi nawa tsayuwa. Mutumin da ke zura zare a allura ba tabarau!

Na tsaya ina kallon babur, ina kallon akwatin da ke bakin ƙofa. Na je na ɗaga shi, saura kaɗan bayana ya riƙe. Akwatin ƙarfe ne, ciki da kan keken ɗinki guda biyu. A da 'yar jaka yake ratayawa. Tun bayan rasuwar ya shiga karɓar aiki ba ji ba gani, jakar ta yi masa kaɗan.

Na ce ya ɗaura shi yadda yake ɗaurawa kullum.

Ya ciro wani guntun katako ya shimfiɗa a kan kariya, ƙarfen ɗora kaya na baya, ya ɗora akwatin can ƙarshe, rabinsa na lilo a bayan taya, ya bi shi da roba ya tamke. Tsakanin akwatin da inda yake zama akwai fili, kusan taƙi biyu na kujera, ba kowa ba komai. Na taɓa kan babur da yatsa ɗaya, tayar gaba ta ɗan ɗaga. Shi ke nan. Nauyi duk ya koma baya, gaba ba ta kama ƙasa, dole ta yi rawa.

Bakina ya riga hankalina. Na hau shi da faɗa, na ce ga kujera a banza ya bar ta, ya je ya rataye kaya a jela, ya sa na yi ta fama da lafiyayyen babur har sau uku.

Bai ɗago kai ba. Ya shafa kujerar da tafin hannu.

"Auta, nan take zama," ya ce.

Kunya ta kama ni, kewar Yaya ta taso mini. 'Yarsa ta juya tana kallon bango. Na daɗe ina goge sifana wadda ba ta da datti.

"Mai Keke," na ce masa, "da tana nan ta ga hannun nan naka, ni da kai ba za mu sha da daɗi ba. Matso da akwatin."

Ban taɓa akwatin ba. Shi da kansa ya kwance robar, ya cire katakon, ya turo akwatin a hankali har ya hau kujera. Ya ɗaure. 'Yar ta miƙa masa makullin.

Ya tafi har ƙarshen titi, muna jin ya ba shi wuta sosai, ya juyo ya tsaya a gabanmu. Akwatin na jingine da bayansa. Na tambaye shi ko ya yi rawa.

"Bai yi ba," ya ce. Ya kashe babur, amma bai sauka ba. "Sai dai shi akwatin ba ya cewa in rage gudu."