Ɓawon Gurzak na Ƙarshe

A majalisar dattawan Orm ba a ɗaga hannu. Mai ra'ayi ɓawo yake ɓallewa daga ƙirjinsa, cikin arba'in ɗin da aka haife shi da su, ya jefa a kwanon dutse. Ba ya sake tsirowa. Gurzak, gwarzon da ya fita yaƙi sau goma sha tara ya dawo da hannu uku cikin huɗu, ya yi ta jefawa har saura guda, wanda ya rufe zuciya. Duk wanda ya ɓalle wannan, sanyi ya shige shi, ba ya kai kwana uku.

Ranar da abokan gabansu, masu-rami, suka huda ƙasa har gindin gari, dattawa goma sha uku suka zauna. Dole gida ɗaya ya tsaya ya tare Mashigin Gishiri, sauran su gudu. Wanda ya tsaya kuwa ba mai sake ganinsa.

Shida suka jefa a kan gidan Ommek, shida a kan gidan Tarkul. Jini na ɗiga daga ƙirji goma sha biyu. A al'ada, in aka yi kunnen doki, ƙaramin gida ne ke tsayawa, kuma Tarkul ne ƙarami. Shugabansa Drahu, shi ne ya taɓa goya Gurzak tafiyar kwana biyu ranar da aka sare masa hannu.

Ido ya koma kan Gurzak.

"To, tsohon guntu," in ji Drahu yana murmushin yaƙe, "kai kaɗai ka rage. Jikoki sittin gare ni. Ommek suna da mayaƙa ɗari huɗu, su aƙalla za su daɗe a mashigin."

Shugaban Ommek ya ce, "Ka bar shi, Drahu. Wannan da ko gumi ba ya bayarwa kyauta?"

Gurzak ya sa farce a ƙarƙashin ɓawon. Ya ɗaga gefensa kaɗan. Iska ta taɓa naman, ya ji sanyin har cikin haƙora. Sai ya janye hannu.

"Yaya Drahu, ka goya ni don in rayu ne ai. To ga shi ina rayuwa."

Drahu ya daɗe yana kallonsa. "Nauyi ne da kai ranar nan," ya ce. Ya ɗauki mashinsa ya fita.

Gidan Tarkul sun riƙe mashigin yini huɗu. Ko jariri bai fito ba.

Dattawan nan goma sha biyu duk sun mutu, Drahu a mashigin, sauran wasu a hanya, wasu a sabon gari. Gurzak na nan daram, kuma babu wanda ya kai shi shekaru a tarihin Orm. Kullum da hantsi yana goge ɓawon da mai har ya yi ƙyalli, ya zauna a bakin majalisa, ƙirji a buɗe. Tabarmarsa ta mutum huɗu ce. Shi kaɗai ke zama a kai.