Ta Wane Gefe Bakin Ya Karkace

Tedin yarinyar ya ɓata a motar haya, kuma tun ranar ta daina cin abincin kirki. Ubanta makanike ne, shi a ganinsa komai yana da madadi. Irin wannan ɗan tsana mai gashi ai ga su nan jibge a kanti. Ya sayo sabo fil, ruwan ƙasa kamar wancan. Kallo ɗaya ta yi masa ta kau da kai.

Wancan na da, marigayiya mamanta ce ta gyara masa fuska. Cewa ta yi kamfani na yin su kamar waɗanda aka yi wa kashedi. Ta warware bakin ta sake ɗinkawa, ta matso da idanun kusa da hanci, bakin ya fito a ɗan karkace.

Ya sayo wani, ya kai su biyun wurin wata tsohuwa mai ɗinki a bayan garejinsu, ya ce ta gyara musu fuska irin ta wancan na da. Shagonta ɗan tsurut ne, ga maɓallai cike da gwangwanin madara.

"To ɗana, ta wane gefe ya karkace?"

"Hagu, Mama. A'a, dama."

"Damarka ko damarsa?"

Mutumin da ke gane ciwon inji daga ƙararsa, yau ga shi bakin tedi ya gagare shi. Ya duba hotunan wayarsa kaf, ko'ina fuskar tedin na manne a ƙirjin yarinyar. Kunya ta kama shi, da wani tsoro da bai san daga ina ya fito ba.

Tsohuwa ba ta ƙara tambaya ba. Ta cire idanun ta mayar kusa da hanci, ta rage gashin kumatu da almakashi, ta ɗinka wa ɗaya baki zuwa hagu, ɗaya zuwa dama. Aiki ya yi kyau, har ya fi na marigayiya tsabta.

A gida ya jera su a kan gado. Yarinyar ta bi bakin kowanne da ɗan yatsa, a hankali.

"Baba, ba karkacewa ya yi ba fa. Murmushin Mama ne ta yi masa."

"To yaya take yi, 'yar Baba?"

Ta ɗaga gefen leɓe ɗaya, ta sauke. Ta gwada ɗayan.

"Na manta. Kai nuna min."

Ya rufe ido ya nemi fuskar matarsa. Ya ga ɗankwalinta, ya ga tabon ƙunar da ke hannunta, har allurar ya gani a bakinta tana neman zare. Murmushin ne dai bai zo ba.

Da ya buɗe ido, yarinyar na nan tana kallon bakinsa, tana jira.