Sifirit a Bakin Titi

Tun ranar da Anti Direba ta kai tsohuwa mai wanki asibiti, unguwa ta juya mata baya. Tsohuwar ta yi amai a kujerar baya, kafin yamma labari ya zama wai cuta ce mai yaɗuwa. Da safe ta bi gida-gida ɗaukar yaran da take kaiwa makaranta, ko ƙofa ba a buɗe mata ba. Da jigilar nan kuwa take ci da kanta.

"Ki ce ba a motarki aka kai ta ba," in ji yayanta. "Shigar da ita gareji ki wanke a ɓoye."

"Garejin da ko taga babu, Yaya? So kake warin sifirit ya kayar da ni, a rasa mai kai ni asibiti?"

Ta ajiye motar a inuwar bishiya, daidai inda kowa zai gani. Ta kashe inji, ta wangale ƙofofi, ta sa safar hannu. Da ruwa da sabulu ta fara, sai da kujerar ta fita tas. Sannan ta ɗiga sifirit a tsumma, ta gwada a ƙasan kujera. Bai ci launi ba. Ta bi sitiyari da hannun ƙofa da ƙarfen bel tana gogewa.

Mai faci ya matso da sigari a baki. "Anti, ƙamshin asibiti har shagona."

"Ja baya da wutar nan. In ta kama, gemunka zai riga kujerata ƙonewa."

Ya koma yana dariya. Maman 'Yan Biyu, wadda yaranta ke cikin waɗanda Anti Direba take kaiwa makaranta, ta leƙo daga ƙofarta, ta toshe hanci da mayafi.

"Yanzu dai kin yi hankali. Ba kowa ake ɗauka ba."

"Jibi za a sallami tsohuwar," in ji Anti Direba, ko ɗagowa ba ta yi ba. "Ni zan ɗauko ta. A motar nan."

"Bayan wannan wahalar?"

"Sai in sake wankewa. Sifirit bai ƙare a kemis ba."

"To, ki nemi wasu yaran."

Rasa kuɗin yara biyu ba abin wasa ba ne. Anti Direba ta matse tsumman da ƙarfi.

"Na ji. Amma ranar da naki ya kwanta, ki buga min ƙofa. Shi ma zan ɗauka."

Ta bar motar a buɗe har warin ya tafi.

Washegari ta sake zagayawa, tana danna hon a kowace ƙofa. Shiru. Sai can ƙarshen layi matar tela ta fito riƙe da hannun 'yarta. Ta zura kai cikin motar, ta shinshina, ta daɗe tana kallon kujerar baya.

"A gaba za ta zauna," ta ce.

"A gaban ma kuɗin bai canza ba."

Yarinyar ta shiga. Anti Direba ta ɗaura mata bel, ta ja mota.