Jan Ƙyallen Malam Haruna

Sai a bugu na huɗu babur ɗin ya tashi, shi ma da tari irin na mai shi. Dzarma ya laluba da ƙafa ya ɗage jak. Matarsa Rhoda na tsaye a bakin ƙofa, hannu a ƙugu.

"Baban Florence, ɗazu a kan tebur ka zuba shayi, kofin yana gefe. Ina kallo."

"Hannuna ne ya goce."

"Ranar Lahadi ma hannunka ne ya goce, da ka gaida ginshiƙin coci?"

Ya ɗaure farar hular kwanonsa ya fita, yana bin gefen titi a hankali, yana ƙirga bishiyoyin dalbejiya kamar yadda ya saba. Shekara biyu ke nan da likita ya ce masa yanar ido ce ta rufe idanun, sai an yi aiki. Ya ce a bari sai bayan damina. Damina biyu ta wuce. Yanzu duniya yake gani kamar ta cikin ruwan koko, kuma tsoron wuƙar likita ya fi masa tsoron titi.

'Yan Asabar ake ce musu. Tsofaffi ne goma sha ɗaya, akawuna da malaman makaranta da suka yi ritaya, sai ɗan kasuwar kifi guda. Tun 1979 suke haɗuwa duk Asabar a gindin wata dalbejiya kusa da gidan waya, su jera babura su tafi Konduga, su sha shayi, su yi gardama a kan fulogi da farashin taya, su dawo. Samari sun taɓa leƙowa sau ɗaya. Da suka ji babu ko kwabo a ciki, man ma kowa ke sayen nasa, suka yi dariya suka koma acaɓarsu. Gaskiyarsu, su neman abinci suke yi. Amma wanda ofis ya sallama, 'ya'ya suka watse, Asabar ɗin nan ce kaɗai ranar da in bai zo ba wani zai tambaya.

Doka ɗaya gare su, ba a taɓa karya ta ba: babba ne a gaba, sauran su biyo bisa shekaru. Malam Haruna ke jan layi, Dzarma na biye. Kuma can baya, Malam Haruna ya ɗaura wani jan ƙyalle a kariyar ɗora kaya da ke bayan babur ɗinsa, wai na goge mai ne. Wannan ƙyallen shi ne idon Dzarma. In ya karkata, ya karkata. In ya tsaya, ya taka birki. Ramuka, shanu, tirelolin Bama, duk ba ya ganinsu, jan ɗigon nan kawai yake bi.

Talatar da ta wuce aka binne Malam Haruna. Yau Dzarma ne babba.

Ya tarar sun hallara. Muryoyinsu ya gane, ba fuskoki ba. Alhaji Kashim mai kifi, wanda ke biye masa a shekaru, ya riƙo hannunsa ya gaishe shi da Barbarci.

"Wushe, Akawu. Yau kai ne limaminmu."

"Haka Allah ya so, Alhaji."

Dariyar da aka yi ba ta yi tsawo ba. Duk hanya Dzarma yana shirya abin da zai ce: ciwon baya, ko birki ba ya ci. Amma wanda ya sauka daga layi ba ya komawa, ya ga yadda aka yi da wasu. Mako biyu ana zuwa gaishe ka, daga nan sai kujera da rediyo.

Wata mata ta sauko daga tasi ta nufo su. Sai da ta durƙusa ta yi magana ya gane Rakiya ce, babbar 'yar marigayin.

"Baba, ina kwana. Da Malam yana asibiti ya bar saƙo, ya ce in kawo maka wannan hannu da hannu."

Ta sa masa abu mai laushi a tafin hannu, yana warin man inji. Ja ne.

"Bai ce komai ba?"

"Ya ce dama saboda kai ya ɗaura shi."

Dzarma ya ji kunya ta rufe shi, baƙin ciki ya biyo baya. Ashe mutumin nan ya sani. Shekara biyu yana rage gudu a kwana, yana kauce wa rami tun daga nesa, bai taɓa ko yi masa tsiya ba, shi da ba ya barin kowa ya huta da tsiya.

Ya buɗe baki ke nan zai yi magana, Alhaji Kashim ya matso har Dzarma na jin ƙamshin turarensa, ya rage murya.

"Akawu, don Allah ka ɗaura shi a bayanka. Kuma kada ka yi gudu. Ban faɗa wa kowa ba, amma shekara guda ke nan farar hularka nake bi. In rana ta haska, ɓace min take yi."

Ya koma kan babur ɗinsa. Dzarma ma ya hau nasa ya tayar.

Injina tara suka tashi a bayansa, ɗaya bayan ɗaya. Dzarma ya dubi gaba. Fari fat, sai inuwoyi masu motsi. Wata tirela ta wuce da hon, ƙasa ta girgiza a ƙarƙashin tayarsa, warin shanu ya bugi hancinsa, amma bai ga ko ƙaho ba. Ya tuna kwanar da ke bayan gada, inda titi ya zaizaye. In ya faɗa, Kashim zai biyo shi. Wa ya san wa ke bin Kashim?

Ya murɗa makulli. Injinsa ya mutu. Na baya ma suka mutu, har wurin ya yi tsit.

Ya sauka ya nuna tsallaken titi, inda yake jin wata babbar mota na huci a tsaye.

"'Yan uwa, ni ba na gani," ya ce. "Na daɗe ba na gani. Wa zai karanta min lambar motar can?"

Babu wanda ya amsa. Wani ya yi gyaran murya. Wani ya shiga taɓa madubinsa. Rakiya ta sunkuyar da kai.

Daga can ƙarshen layi, Peter, autansu, tsohon hedimasta mai shekara hamsin da tara, ya cire tabarau ya goge da bakin riga, ya mayar. Ya karanto haruffan a hankali, ya tsaya, ya sake lamba ɗaya, sannan ya ƙarasa.

Ko daidai ya karanta, babu mai iya cewa a cikinsu.

Dzarma ya taka zuwa ƙarshen layi yana dafa kafaɗa bayan kafaɗa, ya durƙusa, ya ɗaura jan ƙyallen a bayan babur ɗin Peter. Ya yi masa ƙulli biyu.

"Malam Peter, wuce gaba," ya ce. "A hankali."