Tsohon da Ya Auna Arzikin Ƙasa

"Ƙara murya, 'yata, ƙara murya!" in ji tsohon, yana ƙoƙarin ɗaga kai daga matashi.

Maƙwabciyarsa mai ɗinki ta ajiye kwanon abincin da ta shigo da shi, ta murɗa rediyon. Mai karanta labarai na cewa tattalin arzikin ƙasa ya ƙaru a bana, kamar yadda ofishin ƙididdiga ya sanar. Tsohon ya lumshe ido kamar wanda ake ba labarin jikansa.

"Noma ne ya ɗaga alƙaluman," ya ce. "Ai na faɗa, damina ta yi kyau."

"To Baba, tunda ƙasa ta yi ƙiba, kai ma daure ka ci ko loma biyu ce."

Ya fara dariya, tari ya ƙwace ta.

Bango ɗaya ya raba ɗakinsa da nata a gidan hayar. Kowa Baba Ƙididdiga yake ce masa, don a wancan ofishin ya ƙarar da ƙuruciyarsa har ya yi ritaya. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa tilo tana aure a gari mai nisa. Ita kuwa mai ɗinki, mijinta direban babbar mota ne, sai ya share makonni bai leƙo gida ba. Haka suka saba ita da tsohon, shi a kujerar roba a bakin ƙofa, ita a kan keken ɗinki.

Lokacin da yake da lafiya, a nan ya taɓa yi mata bayanin aikinsa.

"Duk abin da ƙasa ta samar a shekara muke aunawa. Hatsin manomi, bulon magini, askin mai aski, har ɗinkin nan naki."

"Ni? Wa ya taɓa zuwa ya tambaye ni?"

"Ai ba a iya zuwa wajen kowa. Wasu teloli ake tambaya, sai a kimanta sauran. Kuma ba rigar ɗungurungum ake sa miki ba. Yadin an riga an lissafa wa masaƙa. Naki shi ne abin da hannunki ya ƙara."

"Abincin da nake kawo maka fa?"

"Wannan girkin ba ya shiga. Abin da aka yi don Allah, ba mu da gurbin sa shi."

Yanzu ƙafafunsa sun kumbura, asibiti sun sallamo shi da magunguna, likitan kuma bai yarda sun haɗa ido da ita ba.

Da aka gama labarai ya miƙa mata wayarsa. "Kira min ofis. Ki ce tsohon ma'aikacin sashen masana'antu ne, ya ji sakamakon, yana taya su murna. Ki ce in wani ya samu sarari..." Bai ƙarasa ba.

Ta fita tsakar gida, ta tsaya bakin famfo. Wata yarinya ce ta ɗauka, ta haɗa ta da wani, shi ma ya tura ta ga wani. Na ƙarshen ya sa ta maimaita sunan.

"Gaskiya ban san shi ba. Wannan sashen ma an daɗe da haɗe shi da wani. In maganar fansho ce, ba nan za ku kira ba."

Ta daɗe a tsaye tana kallon famfon yana ɗiga, sannan ta koma ciki.

"Sun ce suna gaishe ka ƙwarai, Baba. Aiki ne ya sha musu kai."

"Wa kika samu?"

"Wani ne... mai babbar murya."

Ya dube ta, ya yi ɗan murmushi. "A wajenmu, in muka aika tambaya ba a ba mu amsa ba, kimantawa muke yi mu cike gurbin. Ashe kin iya aikin, 'yata."

Ta juya ta hau gyara labulen da ba abin da ya same shi.

Daga ranar bai sake maganar ofis ba. Abinci ma sai ya taɓa ya ture. Ta kira 'yarsa ta ce, "Ki taho, jikin Baba ba daɗi." 'Yar ta ce tana neman izini a wajen aiki, ƙarshen mako tana hanya. Sai mai ɗinki ta jawo kekenta har bakin ƙofarsa, don ya riƙa jin motsin mutum.

Wata rana da hantsi ya ce ta buɗe masa taga. Hayaniyar layin ta shigo: injin niƙa, gudumar mai walda, wata mai talla tana ta kwarara kira.

"Kin ji su?" ya ce a hankali. "Duk suna cikin lissafin."

"Suna ciki, Baba."

Ta koma kan keke tana haɗa hannun wata riga. Zare ya ƙare mata, ta tsaya sauyawa, sai ta ji ɗakin ya yi tsit. Wannan numfashin mai ƙugi da ta saba ji a bayanta babu shi.

"Baba?"

Fuskarsa na kallon taga, hannunsa ɗaya ya sauko gefen gado. Ta ɗaga hannun ta mayar masa kan ƙirji, sannan ta fita ba takalmi ta kira mai walda da mai gidan hayar.

'Yar ta iso washegari, an riga an binne shi. Ta zauna bakin gadon tana shafa zanen da ke kai.

"Yaya, ya sha wahala?"

"Bai sha ba. Da taga a buɗe ya tafi, yana sauraren mutane."

Suka yi kuka tare, su biyu kawai. Bayan 'yan kwanaki 'yar ta ɗaure kayan a buhuna ta tafi, mai gida ya sa wa ɗakin kwaɗo.

Da la'asar hadari ya taso, mai ɗinki ta fita kwashe shanya. A can ƙarshen igiya ta tarar da farar rigarsa, wadda ta wanke tun kafin rasuwar, ba wanda ya tuna da ita. Rana ta busar da ita har ta yi ƙarfi. Ta cire ta, ta ninke a kan hannunta, ta tsaya gaban ƙofar da ke kulle. Ruwa ya fara sauka a kan kwanon rufi, ɗis, ɗis.