Layin da Ya Ratsa Ɗakin Inna

Ban taɓa faɗa wa kowa ba, amma ina tsoron hadari. Da zarar gabas ta yi duhu ina zaune a ofis, sai in ajiye aiki in zuba wa sama ido, domin na san abin da ruwan zai tarar a unguwarmu.

Unguwar sabuwa ce, can bakin gari. Ƙaramar hukuma ce ta yanka gonaki ta sayar da fuloti, ba tare da ta fitar da titi ko magudanar ruwa ba. Mutane suka yi gini, ruwa kuma ya nemi hanyarsa da kansa. Kwazazzabon da ya haƙa ya riga ya cinye banɗakin tela, maƙwabcinmu na gangare, yanzu kuma yana cin gindin ɗakin da 'ya'yansa ke kwana.

Ni ƙaramin ma'aikaci ne a sashen tsara gari, da diflomata ta safiyo. A bana aka ware wa unguwarmu kuɗin magudana, da sharaɗin taswira ta isa gaban majalisa kafin zaman kasafi, in ba haka ba a karkatar da kuɗin wani wuri. Ni aka ba aikin. Na auna ƙasar, na sake aunawa, na karɓo wata na'urar don ko tawa ce ta lalace. Amsar ba ta sauya ba. Hanyar ruwan ta ratsa tsakiyar ɗakin mahaifiyata.

Na kai wa shugaban sashenmu. Ya zare tabarau ya dube ni.

"Gidanku ne nan? To, kai ma da abin dariya kake. Fensir a hannunka yake, lanƙwasa layin mana."

"Ranka ya daɗe, in na lanƙwasa, ruwan ba zai bi ba. Zai tsallake ginin ya faɗa gidan tela."

"Wannan kuma sai damina ta gaba. Kafin nan wa ya san inda aka mayar da ni?"

"Diyya fa? Mu muka sayar musu da filin."

"Waɗanda suka sayar sun yi ritaya. Kuɗin siminti da rodi aka ba mu, babu na diyya." Ya tura mini taswirar. "Kowane layi ka ja, zan sa hannu. Gobe da safe dai nake son ta."

Na ɗauki taswirar na fito. Da ya tilasta mini ɗaya daga ciki, da na samu wanda zan ɗora wa laifi.

Da yamma na tarar da tela a bakin ramin, yana jera buhunan yashi, wandonsa a naɗe har gwiwa.

"Injiniyan unguwa!" in ji shi. "An ce kai ne da aikin. Ka ga buhuna sun ƙare, saura in ɗinke na matata na gari. Don Allah ku yi sauri, kafin a tsinci 'ya'yana a kogi."

Ya yi dariya, amma idonsa na kan tsagewar bangon ɗakin 'ya'yansa. Na ce masa ana kan aiki, na wuce da sauri.

Inna na tsakar gida tana kwashe shanya. Ɗakin nan da hannunta ta yi wa bulonsa bayi bayan rasuwar Baba, lokacin da muka bar gidan haya. Na shimfiɗa taswirar a kan tabarma, na yi mata bayani dalla-dalla.

"Auta, wannan jan zaren ne ruwan?"

"Shi ne, Inna."

"Nan kuma gadona ne?"

"E."

Ta zauna a kan turmi. "Ashe karatun da na biya, na rushe ni ne. Da na sani da gyaran keke na kai ka."

"An ce in ina so in lanƙwasa."

"To lanƙwasa! Me kake jira? Uwarka ce ni ko hukuma?"

"In na yi haka, gidan tela zai tafi."

Ta juya ta dubi gangare. Ta bayan katanga muna jin tela yana yi wa ƙaramar 'yarsa tsawa ta matsa daga bakin rami. Iska ta taso, ta ɗaga gefen taswirar, na danne da gwiwa.

"Ni ina zan sa kaina?" in ji ta, a hankali. "Na tsufa da zaman haya, Auta. Ba zan koma ba."

Na dubi ɗakina da ke tudu kusa da ƙofa, wanda na gama yi wa rufi saboda aurena. Na san abin da zan tarar a gidan surukaina idan na ce a ɗaga bikin. Na san kuma Inna ba za ta yafe mini da wuri ba. Ɗigon ruwan sama na farko ya sauka a kan takardar.

Na naɗe ta, na miƙe, na ɗaga murya yadda har tela zai ji.

"Inna, layin zai bi inda ruwa ya bi. Gobe zan miƙa shi haka. Ki fara haɗa kayanki, ɗakina za ki koma. Auren ya jira."