Sabon Murjanin Injiniya Pyo

"Kada ki juye shi, Maman Hye-rin. Na ce kada ki juye," in ji Injiniya Pyo daga kan gado.

Ok Mal-sun ta tsaya da leda a hannu, ruwa na ɗiga a kan silifas ɗinta. A cikin ledar wani abu ne ruwan ƙasa, ya takure kamar tsokar da aka manta a firji. Wai murjani ne mai laushi, mai rai, irin wanda ke tsirowa a ƙarƙashin teku. Yanzun nan ɗan aike ya hauro da shi matakalar unguwar Yeongdo yana haki.

"Ba ruwa zai shiga ba? Ga ruwa."

"Na leda daban, na tanki daban. Zuba shi a roba, ki jawo siririn tiyon nan, ruwan tankin ya riƙa ɗigar masa har ya saba."

"Ni da na bar miya a wuta."

"Miyar taki ko ba ta ƙone ba, ai ba wani daɗi ne da ita ba."

Injiniya Pyo maƙwabcinta ne, ƙofa na kallon ƙofa. Ya ƙare ƙuruciyarsa a gyaran injin jiragen ruwa. Matarsa ta daɗe da rasuwa, 'yarsa Seul-gi tana aure a Seoul. Makon jiya asibiti suka sallame shi, ba don ya warke ba, sai don ciwon huhun ya wuce magani. Ya dawo da tukunyar iskar shaƙa, ya sa aka jawo gadonsa gaban tankin gilashin kifayensa da ya cinye rabin falo. Yana samun wayarsa ya yi odar sabon murjani.

Da ruwan ya gauraya, ya sa ta ajiye shi can ƙasan tanki, ta rage fitila, ta kawar da bakin famfo don kada ruwa ya riƙa dukansa. Murjanin ya zauna a dunƙule, bai nuna alamar komai ba.

Kwanakin da suka biyo, Mal-sun ta kasa zama a ɗakinta. Ta kawo kunun shinkafa, ta dawo ɗaukar kwano, ta sake dawowa wai ta manta cokali. Kullum sai ta tsaya gaban gilashin tana murza hannu.

"In matso da shi kusa da haske?"

"Ki bar shi. Baƙo ne, fushi yake yi. Kina taɓa shi zai ƙara."

"Halinku ɗaya ke nan."

Shi ma ɗin ba kwanciyar kirki yake yi ba. Ya juya dama, ya juya hagu, ya cire tiyon hanci, ya mayar. In ta juya baya sai ya ɗago kai ya leƙa tankin, in ta waiwayo ya mai da ido kan silin.

Ran Alhamis ta ga wata yana mai sheƙi ta lulluɓe murjanin, tana saɓulewa. Ta juyo wajensa.

"Injiniya, abin nan ya ruɓe."

Ya fara dariya, dariyar ta zama tari, tarin ya ƙi tsayawa. Da ya lafa ta ga jini a tawul. Ya naɗe shi da sauri ya tura ƙarƙashin matashi.

"Saɓa yake yi. Ɗan juyo masa famfon ya wanke shi." Ya numfasa. "Kuma kada ki kira Seul-gi. Tsohon ciki gare ta."

Mal-sun ta fita baranda. Ta ciro waya, ta mayar aljihu. Ta sauka har shagon ƙasa, ta sayi albasar da ba ta buƙata, ta hauro. A tsakiyar matakala ta tsaya, jiragen ruwa na kuka can bakin tasha, ta danna lambar Seul-gi.

"Inna, lafiya?"

"Ki shigo jirgin ƙasa gobe da safe. Kada ki ce ni na faɗa miki."

Washegari Seul-gi ta iso tana riƙe da ƙugu. Uban ya dube ta, ya dubi Mal-sun.

"Ke dai bakinki ba ya da murfi."

Amma hannun 'yar ya kama, bai sake shi ba. Mal-sun ta rasa inda za ta sa kanta, sai ta koma gaban tanki. A gefe ɗaya na murjanin wasu 'yan tsirrai sun leƙo, sirara kamar gashin jariri, suna rawa a ruwa.

"Ya fara buɗewa."

Idonsa ya riga ya yi nauyi. "Wane launi?"

"Kore."

"To, masu sayarwar ba su cuce ni ba."

Bayan la'asar numfashinsa ya riƙa nisa da juna, har ya tsaya. Seul-gi ta kifa kai a ƙirjinsa. Mal-sun ta kashe tukunyar iskar, falon ya rage sai gurnanin famfo.

Da aka gama zaman makoki, Seul-gi ta kira mai shagon kifi ya zo ya kwashe tankin. Yana shigowa da bokitai Mal-sun ta tare ƙofa.

"Ɗakina za ka kai shi."

Seul-gi ta ce, "Inna, aiki ne fa. Ga haɗa ruwan gishiri, ga..."

"Na sani. An yi mini faɗa a kansa har na haddace."

Suka wuni suna jigilar ruwa da duwatsu. Garin haka murjanin ya ɓalle daga dutsensa, ya sake dunƙulewa. Mai shagon ya ɗiga gam a gindinsa, ya manna, ya ce ta danne har ya kama, kada ta motsa. Ya fita ɗauko sauran kaya.

Mal-sun ta tsaya a kan kujera, hannunta cikin ruwa har gwiwar hannu, hannun rigarta ya jiƙe. Wani ɗan kifi rawaya ya fito daga bayan dutse, ya zagaya yatsunta, ya fara tsattsagar bayan hannunta a hankali.